Iyaye Mata Uku da Kujerar Malamin Laburare: Abin da Ya Faru a Spokane

A shekarar 2007 hukumar makarantun gwamnati ta birnin Spokane, a jihar Washinton ta Amurka, ta wayi gari da giɓin dala miliyan 10.8 a kasafinta. Jihar nan ita ce ta can ƙuryar arewa maso yammacin ƙasar, ba birnin Washinton da fadar shugaban ƙasa take ba. Spokane shi ne birni na biyu a girma bayan Seattle, kuma makarantunsa na ɗauke da yara kusan 30,000. Cikin abubuwan da hukumar ta ɗora wa wuƙa akwai malaman laburare goma na makarantun firamare, waɗanda aka ce daga yanzu rabin lokaci za su riƙa yi. Ba a kori kowa ba, ba a garƙame ƙofar laburare ko ɗaya ba. A takarda abin bai yi kama da ɓarna ba, shi ya sa ma aka zaɓe shi.

Sai an san wane ne wannan malami kafin a gane abin da aka taɓa. A jihar Washinton ba a zama malamin laburare sai mutum ya riga ya mallaki takardar shaidar koyarwa, sannan ya ƙaro shaidar ƙwarewa a aikin laburare. Albashinsa na malami ne, ƙungiyarsa ta malamai ce. A firamare kowane aji na da lokacin da yake zuwa wurinsa. Zai karanta wa ƙanana labari, ya lura da yaron da ke ɗaukar littafi yana mayarwa ba tare da ya buɗe ba, ya lalubo masa wanda zai riƙe shi, ko na kifaye ne ko na manyan motoci. Manyan kuma, in malamar aji ta ba su aikin bincike, shi ke zaunar da su gaban kwamfuta ya nuna musu yadda ake tsaga tambaya gida-gida, inda ake nema, da yadda ake bambance shafin da masani ya rubuta da wanda ɗan talla ya rubuta. Shi ke zaɓen littattafan da za a saya, shi ke fitar da waɗanda suka tsufa. In aka mayar da mutumin nan rabin lokaci, ko dai a raba shi tsakanin makarantu biyu, ko a cike masa sauran sa'o'in da wani aikin. Ba da aron littafi ba ya tsayawa, tunda akawu ma zai iya. Abin da ke fara mutuwa shi ne zaman da yake yi da malaman aji su tsara darasi tare, da kuma ƙofar da yaro kan tarar a buɗe a lokacin da ba a tsara masa ba.

Dalilin da ya sa wuƙa ke fara sauka a kansa

Kundin tsarin mulkin jihar ya ce samar da wadataccen ilimi ga dukkan yaran jihar shi ne nauyi na farko a wuyan gwamnati. A 1977 majalisa ta yi dokar da ta fayyace abin da ake kira ilimi na tushe, wato abin da ya zama dole jiha ta biya. Sai dai tsarin rabon kuɗin bai keɓe wa malamin laburare gurbi nasa na kansa ba. A wancan lokacin jiha kan aiko da kuɗin ma'aikata masu takardar koyarwa a dunƙule, gwargwadon yawan ɗalibai, kowace hukuma ta raba yadda ta ga ya dace. Abin da bai isa ba sai a cike shi da harajin gidaje da filaye, wanda mazauna yankin ke jefa ƙuri'a su amince da shi ko su ƙi duk bayan 'yan shekaru. Inda gidaje ke da tsada, haraji kaɗan ke tara kuɗi mai yawa. Inda ba su da tsada, ko an matse jama'a abin da za a samu ba ya kaiwa ko'ina.

To, ranar da kuɗi ya gaza, mambobin hukumar, waɗanda su ma zaɓaɓɓu ne daga cikin mutanen gari, sai su duba inda za a yanka jini bai zuba a bainar jama'a ba. In aka cire malamin aji, yara ashirin da wani abu za su zo ranar Litinin ba kowa a gabansu, iyaye kuma su cika ofis kafin azahar. In aka rage malamin laburare, ranar Litinin ba wanda zai ga komai. Littattafai na nan a jere, fitila a kunne. Illar sai bayan shekaru take fitowa, kuma ko ta fito ba mai iya nuna ta da yatsa ya ce ga ta. Spokane ba ita ta fara ba. Shekara ɗaya kafin nan hukumar Federal Way, kudu da Seattle, ta soke guraben malaman laburare 20.

Akwai wani tsohon shugaban makarantar sakandare, Gary Hartzell, wanda daga baya ya zama malami a Jami'ar Nebraska da ke Omaha. Tun a 1997 ya rubuta cewa malamin laburare mutum ne da ba a gani, kuma ya kawo dalilai da har yau ban ga wanda ya rushe su ba. Shugabannin makarantu ba a koya musu komai game da laburare a kwasa-kwasan da suke yi kafin su hau kujera. Malamin laburare shi kaɗai ne irinsa a makaranta, sau da yawa lokacin da sauran malamai ke cin abinci suna hira shi yana can da yara. Mafi muni kuma, aikinsa narkewa yake yi cikin aikin wasu: in yaro ya rubuta bincike mai kyau, malamar aji ake yaba wa, ba wanda zai tuna wanda ya nuna masa inda zai tono bayanan. Su kuma malaman laburare, in za su yi bayanin muhimmancinsu, a mujallunsu da tarukansu suke yi, inda ba mai sauraro sai 'yan uwansu.

Ga kuma ƙulli na ƙarshe. Ranar da aka kawo maganar datsewa gaban hukuma, in malamar laburare ta miƙe ta yi magana, komai gaskiyarta abin da kunnuwa ke ji shi ne ma'aikaciya na kare albashinta. Yabon kai jahilci, in ji masu magana, kuma ko a Amurka haka ake ɗaukarsa.

Matan da suka ɗauki maganar

Waɗanda suka ɗauki maganar ba ma'aikatan laburare ba ne. Iyaye mata ne uku da 'ya'yansu ke makarantun firamare na garin: Lisa Layera Brunkan, wadda a da aikinta nemo wa kamfanoni manyan ma'aikata ne, Susan McBurney, mai digirin digirgir a kimiyyar harshe, da Denette Hill, ƙwararriyar akanta. Sun fara ne da abin da kowa zai fara da shi. Suka tara iyaye, suka rubuta wasiƙu, suka je zaman hukuma suka yi magana. Hukumar ta saurare su, ta gode musu, ta zartar da datsewar.

Yawancin irin wannan fafutuka a nan take ƙarewa, kowa ya koma gida yana zagin hukuma. Abin da ya bambanta waɗannan matan shi ne sun tsaya sun tambayi inda kuɗin ke fitowa, suka gano cewa hukumar gari ba ita ce ainihin abokiyar rigimarsu ba. Ita ma gaba kura baya sayaki take. Ko da sun ci nasara a kanta a wannan shekarar, baɗi giɓin zai dawo, a sake ɗauko wuƙar. Muddin dokar jiha ba ta san da zaman malamin laburare ba, kullum shi ne abin da za a fara sayarwa in gida ya shiga matsi. Don haka suka juya akalarsu zuwa Olympia, hedikwatar jihar.

Suka kafa gamayyar fafutuka ta jiha baki ɗaya, suka sa mata sunan da ya haɗa laburaren makaranta da fasahar sadarwa. Wannan haɗin ba a banza aka yi shi ba. Sun lura cewa ɗan majalisa in ya ji kalmar laburare, abin da ke faɗo masa a rai shi ne ɗaki mai shiru da wata dattijuwa mai buga hatimi a bangon littafi, wato abin sha'awa amma ba na dole ba. Sai suka daina magana da harshen tausayi. Suka riƙa cewa jihar da Microsoft da Boeing da Amazon ke ɗaukar ma'aikata a cikinta ba ta da hujjar yaye yaran da ba su iya neman bayani su tantance shi ba. Suka riƙa cewa ɗan masu hali yana da littattafai da intanet a gida, ɗan talaka kuwa laburaren makaranta ne kaɗai nasa, saboda haka datsewar ba kowa take ci daidai ba. Suka buɗe shafin intanet da takardar koke da dubban mutane suka sa wa hannu, suka nemo 'yan kasuwa da malaman jami'a su sa baki, don kada a ce hayaniyar ƙungiyar ƙwadago ce. A Disamba 2007 jaridar Los Angeles Times ta buga labarinsu, daga nan ƙasar ta san su da laƙabin iyaye matan Spokane.

Ina malaman laburaren a duk wannan? Suna baya, kuma a ganina nan ne ya dace su tsaya a wannan gaɓar. Ƙungiyarsu ta jiha ta shiga gamayyar, ta zama hanyar da saƙo ke bi ya isa garuruwan da matan nan uku ba su taɓa takawa ba. Mike Eisenberg, tsohon shugaban tsangayar nazarin bayanai ta Jami'ar Washinton da ke Seattle, wanda da shi da Bob Berkowitz suka tsara matakai shida na koya wa yara bincike da ake kira Big6, ya zama mai ba su shawara. Hujjojin da matan suka riƙa ajiyewa a teburin 'yan majalisa ma daga rumbun ma'aikatan laburare suka fito, musamman binciken da Keith Curry Lance da abokan aikinsa suka fara a jihar Colorado a 1993, suka maimaita a 2000, aka kuma yi irinsa a wasu jihohi da dama. Sakamakon kusan iri ɗaya ne ko'ina: makarantun da ke da ƙwararren malamin laburare da isassun littattafai sun fi cin jarrabawar karatu, ko bayan an cire tasirin talauci daga lissafin.

Mai shakka zai ce irin wannan bincike tafiya tare yake nunawa, ba ya tabbatar da cewa wannan ne ya haifi wancan, kuma yana da gaskiyarsa. Amma ba nan hankalina ya fi tafiya ba. Binciken nan ya shekara 14 a hannun ma'aikatan laburare kafin 2007, bai hana Federal Way ba, bai hana Spokane ba. Takardun ba su canza ba. Hannun da ya miƙa su ne ya canza. Kuma uwa ba ta barin 'ya'yanta ta kama hanyar fiye da kilomita 500, ta tsallaka duwatsun Cascade a tsakiyar hunturu, saboda ta karanta wani rahoto daga Colorado. Tana yi ne saboda ta ga abin da wata malama ta yi wa ɗanta. Jagorancin da malaman laburaren Spokane suka yi, sun yi shi ne shekaru kafin rikicin, a cikin ɗakin da iyaye suka shiga suka ga aiki da idonsu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Olympia, 2008

Zaman majalisar jihar a shekarun da lambarsu ke rabuwa biyu gajere ne, kwana 60 kacal, kuma ba a yin sabon kasafi a cikinsa sai ƙwarya-ƙwarya. Masu ba da shawara da yawa za su ce a jira shekara mai zuwa. Matan ba su jira ba. Sanata Tracey Eide, wadda mazaɓarta ita ce Federal Way ɗin da aka soke guraben nan 20, ta ɗauki nauyin ƙuduri mai lamba 6380. Shugabar masu rinjaye a Majalisar Dattawan jihar a lokacin, Lisa Brown, 'yar Spokane ce. Wannan sa'a ce, amma sa'ar da aka san yadda za a yi amfani da ita. Ranar 1 ga Fabrairu 2008 gamayyar ta yi taro da gangami a Olympia, shugabannin ƙungiyoyin laburare na ƙasa suka zo. Da aka kaɗa ƙuri'a a Majalisar Dattawa mai kujeru 49, ba wanda ya ƙi.

A Majalisar Wakilai ƙudurin ya maƙale har zaman ya ƙare. Abin da aka tsira da shi shi ne dala miliyan 4 da aka saƙala cikin ƙwarya-ƙwaryar kasafi don laburaren makarantu na shekarar karatu ta 2008 zuwa 2009, ƙasa da abin da ƙudurin ya nema. An yi murna sosai, kuma ta cancanta, domin fitar da sabon kuɗi daga majalisa a gajeren zama, ta hannun mutanen da ba su da ofis ba su da mai yi musu kamun ƙafa na haya, ba ƙaramin abu ba ne. Iyaye a Oregon da Arizona suka kwaikwayi salon, musamman da hukumar birnin Mesa ta Arizona ta sanar a 2008 cewa za ta kawar da guraben malaman laburare 87.

Amma a yi lissafi. Jihar na da ɗalibai kusan miliyan ɗaya, don haka kowane yaro ya tashi da dala 4 da 'yan sulalla. Makarantar firamare mai yara 400 ta samu dala 1,600 da ɗoriya, kuɗin da ba zai sayi littattafai ɗari masu ƙwaƙƙwaran bango ba, balle ya biya albashin wata guda. Kason Spokane gaba ɗayanta bai wuce dala 120,000 da 'yan kai ba. Kuma na shekara ɗaya ne. A Satumba 2008 tattalin arzikin Amurka ya rufta, jihohi suka shiga yankan kasafi ba ji ba gani.

Matan sun san haka. Idonsu na kan wani kwamitin haɗin gwiwa da majalisa ta kafa don ya sake fasalin yadda ake biyan ilimi na tushe, kuma can suka mayar da ƙarfinsu. A 2009 majalisa ta zartar da doka mai lamba 2261, gwamna Christine Gregoire ta sa hannu. Dokar ta kawo sabon ma'auni: a ƙaddara wata makaranta ta misali, a lissafa ma'aikatan da take buƙata ɗaya bayan ɗaya, a biya kowace hukuma bisa wannan. A jerin ma'aikatan an rubuta malamin laburare da sunansa. Wannan ita ce babbar nasarar, ta fi dala miliyan 4 nesa ba kusa ba. A 2010 wata dokar ta cike alƙaluman: firamare mai yara 400 za a ba ta kuɗin 0.663 na malamin laburare, ƙaramar sakandare mai yara 432 ta samu 0.519, babbar sakandare mai yara 600 ta samu 0.523.

A dubi alƙaluman da kyau. Ko a makarantar misalin da doka ta ƙirƙira da kanta, ba a biyan cikakken mutum ɗaya. Kashi biyu cikin uku ne a firamare, rabi da ɗan ɗori a sakandare. Sannan dokar ta faɗa ɓaro-ɓaro cewa alƙaluman na rabon kuɗi ne kawai, ba su wajabta wa wata hukuma ta ɗauki waɗannan ma'aikata ba. Mu da muka saba da kasafin da ake karantawa a majalisa amma kuɗin ba ya fitowa, nan akasin haka ne. Kuɗin na isowa cif-cif, da sunan malamin laburare aka lissafa shi, amma da ya shiga asusun hukuma sai ya zama kuɗi kawai, a iya biyan malamin lissafi da shi ko ma'aikaciyar jinya, ba a karya doka ba.

Ban ga laifin matan a nan ba. A Amurka hukumomin makarantu na kishin ikonsu na gida ƙwarai, kuma duk dokar da za ta tilasta musu ɗaukar ma'aikaci ba tare da cikakken kuɗinsa ba, da wuya ta wuce, balle a shekarar da baitulmali ya bushe. Sun karɓi abin da ke karɓuwa. Sai dai ƙofar da aka bari a buɗe tana nan a buɗe.

Su ma malaman laburaren jihar ba su zauna ba. Fafutukar ta nuna musu cewa in aka tambayi goma daga cikinsu mene ne aikinsu, amsa goma za a samu, kuma ba a kare abin da ba a iya faɗa a taƙaice. Tare da Eisenberg ƙungiyarsu ta taƙaita aikin a shafi guda, ƙarƙashin abubuwa uku: koyar da neman bayani da amfani da fasaha, cusa wa yara son karatu, da kula da hanyoyin samun bayanai na makaranta. Takarda ce da malama za ta iya ajiyewa gaban shugaban makaranta ta ce ga abin da za ka auna ni da shi. A ganina wannan shi ne aikin jagoranci mafi nauyi da ma'aikatan suka yi da hannunsu a duk lamarin, ko da yake ba shi jaridu suka ɗauka ba.

2019

A Janairu 2012 Kotun Ƙolin jihar ta yanke hukunci a wata shari'a da ake kira McCleary cewa gwamnati ta gaza sauke nauyin da tsarin mulki ya ɗora mata na biyan ilimi na tushe. Majalisa ta yi ta jan ƙafa, har a 2015 kotun ta ɗora wa jihar tarar dala 100,000 kowace rana. A 2017 aka yi gyaran: jiha ta ƙara kuɗin da take bayarwa ƙwarai, amma ta rage iyakar harajin gida da hukumomi ke iya karɓa, daga 2019. A 2018 har aka keɓe dala 20 ga kowane ɗalibi don kayan laburare a ma'aunin rabon, aka rufe shari'ar. A shekarar kuma ƙungiyoyin malamai a faɗin jihar suka samu ƙarin albashi mai tsoka, ciki har da na Spokane.

A Nuwamba 2018 mutanen Spokane suka jefa ƙuri'a suka amince a ciyo bashin dala miliyan 495 don gina makarantu da gyara su, da wani na dala miliyan 77 don laburaren gari, har da reshen da za a gina a harabar wata ƙaramar sakandare domin ɗalibai da jama'ar unguwa su yi tarayya. Ba za a ce garin ba ya son littafi ba. Amma kuɗin gini ba a biyan albashi da shi, doka ta raba asusun.

Wata biyar bayan haka, a Afrilu 2019, hukumar ta sanar da giɓin dala miliyan 31 da takardun sallama ga ma'aikata 325. A wannan karon ba rabin lokaci aka ce ba. An soke muƙamin malamin laburare a makarantun hukumar. Bayanin da aka yi wa iyaye shi ne laburare za su ci gaba da zama a buɗe, akawu zai kula da aron littattafai, malaman aji kuma su riƙa kawo yaransu da kansu. Malaman laburaren aka ce su koma aji. Takardar koyarwar da ta ɗaga darajarsu sama da akawu, ita ce ta sauƙaƙa kwashe su: tunda malamai ne, ga azuzuwa can na jira, kuma a lissafin hukuma ba a kore su ba.

Wannan a garin da aka fara fafutukar, shekara goma bayan an rubuta sunan malamin laburare cikin dokar jiha.

An saba gaya wa ma'aikatan laburare a tarukansu cewa su fito a gan su, su shiga kwamitin manhaja, su riƙa kai wa shugaban makaranta rahoto da harshen da ake auna shi da shi, su mai da kansu waɗanda ba a iya yi sai da su. Shawara ce mai kyau, kuma abin da ya faru a 2007 ya gaskata ta, domin ba don aikin da iyaye suka gani ba da ba wanda ya tashi. Amma 2019 ta nuna iyakarta. Da aka zo soke muƙamin ba a tantance mai himma da malalaci ba, layi guda aka ja a kasafi ya kwashe kowa. Ƙwazon mutum ɗaya na iya sa shugaban makarantarsa ya yi masa faɗa, amma shugaban makaranta ba shi ke rufe giɓin dala miliyan 31 ba. Ɗora wa malamar laburare alhakin ceton kujerarta da kyawun aikinta kaɗai, akwai rashin adalci a ciki, domin in kujerar ta tafi sai a ce ita ce ba ta yi ƙoƙari ba.

Muryar aro kuma tana da wa'adi. Yaron da ke aji ɗaya a 2007 yana gab da gama sakandare a 2019. Iyayen da suka san hanyar Olympia, suka san wane ɗan majalisa ke amsa waya, 'ya'yansu sun bar firamare tuntuni. Eide da Brown duk sun bar majalisa. Iyaye zuwa suke yi su wuce, malamin laburare da ƙungiyarsa su ne ke nan, don haka ɗaure sabon zumunci da kowane sabon rukunin iyaye aiki ne da ba mai yi sai su, kuma malamar da aka raba tsakanin makarantu biyu ba ta da lokacinsa. Datsewar farko ita ke share wa ta biyu hanya: rabin lokaci na rage abin da iyaye ke gani, abin da ba a gani kuma ba a fita titi dominsa.

Ba Spokane kaɗai ba ce. Wani bincike da Lance da Debra Kachel suka jagoranta ƙarƙashin Jami'ar Antioch ta Seattle ya nuna cewa tsakanin 2010 da 2019 yawan malaman laburaren makarantu a Amurka ya ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari, kuma hukumomin da suka fi yawan yaran talakawa da ƙananan hukumomin karkara sun fi zama ba su da ko ɗaya.

Ma'aikatan laburaren jihar Washinton sun koma kan jimlar nan da aka bari a dokar, wadda ta ce alƙaluman na rabo ne kawai. Abin da suke nema yanzu ba ƙarin dala 4 ba ne, wajabci ne. A 2023 an gabatar da ƙuduri mai lamba 5102 a Majalisar Dattawan jihar, wanda zai ɗora wa hukumomin makarantu nauyin tabbatar da cewa kowane ɗalibi na da laburaren da ƙwararren malami ke jagoranta. Zaman majalisar ya ƙare bai zama doka ba.